AMSOSHIN WASIƘUNKU: Ko Sai Na Tashi Daga Gyallesu Kafin In Zama Mai Tsarki?

TAMBAYA: Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga unguwar Gyallesu a Zariya, daga hannun wani saurayi mai sauraronmu wanda ya roƙi mu sakaya sunansa, mun kuwa sakaya. Ya ce shi Kirista ne, ɗalibi a ɗaya daga cikin manyan makarantun garin, kuma su huɗu ne suka haɗa kuɗi suka kama ɗaki a gidan haya. Kullum a majami'a ana yi musu wa'azi cewa Littafi Mai Tsarki ya umarci masu bi su zama tsarkaka, su fita daga cikin masu aikata mugunta. To amma ɗakin da yake kwana ya zama matattara: ana shan maganin tari don a bugu, ana cacar ƙwallo a waya har tsakar dare, ana shigo da 'yan mata, da jarrabawa ta ƙarato kuma aka ce kowa ya kawo kasonsa a sayi tambayoyi. Da ya ƙi, sai suka laƙaba masa suna Fasto, alhali biyu daga cikinsu tare suke zuwa sujada ran Lahadi. Ya kai kuka wurin wani dattijon ikkilisiya, shi kuwa ya ce masa ya tattara ya koma Wusasa ko Sabon Gari cikin 'yan'uwa. Ga shi an riga an biya kuɗin hayar shekara, kuma masara mahaifinsa ya sayar ya biya. Yana tambaya, shin zaman da yake yi a nan zunubi ne? Kuma mene ne ainihin tsarkin nan da ake faɗa?

AMSA: To ƙanena, mun gode da wannan wasiƙa, Allah ya saka maka da alheri da ka buɗe mana cikinka. Na san akwai ire-irenka da yawa a Samaru da Kongo da Tudun Wada waɗanda ba su rubuto ba, saboda haka zan ɗan tsawaita, sai a yi haƙuri da ni.

Amsar a taƙaice ita ce, zama a Gyallesu ba zunubi ba ne, kuma babu unguwar da in ka koma za ta tsarkake ka. Amma kada ka yi saurin rufe rediyo, domin maganar tana da kashi na biyu wanda bai kai na farkon daɗi ba.

Bari mu fara da kalmar kanta. A Hausarmu ta yau da kullum, in an ce tsarki abin da ke fara zuwa ran mutum shi ne ruwa da buta, watau wanke ƙazanta daga jiki. Wannan ya sa da yawa daga cikinmu muke ɗaukar tsarki kamar farar riga wadda in ka goga jikin wani sai ta yi datti. Kalmar da aka fassara daga Ibrananci kuwa, watau kadosh, ma'anarta ta fi karkata ga keɓewa, abin da aka ware aka ce wannan na Allah ne. Tushenta ɗaya da na sunan birnin Urushalima a Larabci, wanda 'yan'uwanmu Musulmi ke kira Ƙudus. Ka duba kwanon maigida a gidan Bahaushe. Cikin kwanuka yake zaune, tare ake wanke su, a madafa ɗaya ake kife su, amma babu yaron da zai ɗauke shi ya je ɗibar kasa, domin kowa ya san mai shi. Ba a kai shi wani gida don a keɓe shi ba. Aikin da yake yi ne daban.

Inda aka fi jin wannan kira shi ne Littafin Firistoci, sura 18 zuwa 20. A lokacin Isra'ilawa sun baro Masar, ba su kai ga Kan'ana ba tukuna, sai aka gargaɗe su a farkon sura 18 kada su kwaikwayi al'adun ƙasar da suka baro ko na wadda za su shiga. Sauran surar ta yi bayani filla-filla a kan haramtattun kwanciya da kuma miƙa 'ya'ya hadaya ga gumaka. Wannan shi ne ɓangaren da masu wa'azinmu suka fi so, kuma gaskiya ne, yana nan a rubuce. Sai dai ina roƙonka yau da dare ka buɗe sura 19 ka karanta ta daga farko har ƙarshe, a hankali. A aya ta 2 ne aka kira jama'a duka su zama tsarkaka domin Allahnsu haka yake. To me ya biyo baya? An ce mai gona kada ya girbe ta ƙarƙaf, ya bar gefe da kala domin matalauci da baƙo. An ce wanda ya ɗauki ɗan ƙodago kada ladansa ya kwana a hannunsa. An hana zagin kurma don ba ya ji, an hana sa wa makaho abin tuntuɓe don ba ya gani. An hana alƙali duban fuskar mai kuɗi, an kuma hana shi karkata ga talaka don tausayi. An hana yawo da tsegumi, da riƙe ɗan'uwa a zuci. An ce a miƙe wa mai furfura. An ce baƙon da ke zaune a cikinku a riƙe shi kamar ɗan gida. Can wajen ƙarshe kuma aka zo kan ma'auni da mudu, aka ce su zama na gaskiya.

Ka lura da wani abu a nan. Kusan duk waɗannan ba su yiwuwa sai da mutane a kusa da kai. Wanda ya gudu daji ya zauna shi kaɗai, wa zai bar wa kala? Wa zai auna wa hatsi? Kuma ka ga mai awo a kasuwar Sabon Gari ko ta Tudun Wada da ya bubbuga gindin tiyarsa don ta rage ci, a ma'aunin wannan sura ya ƙazantu kamar yadda mazinaci ya ƙazantu, ko da shi ne ke jan waƙa ran Lahadi. Ba mu cika son jin wannan ba, domin zunubin mashayi a fili yake, na mai tiya kuwa yana ƙarƙashin masara.

Manzo Bitrus ya sake ɗauko wannan kira a wasiƙarsa ta fari, sura 1 aya 15 da 16. Ya rubuta ta ne ga masu bi da ke warwatse a lardunan Fantas da Galatiya da Kafadokiya da Asiya da Bitiniya, watau cikin ƙasar Turkiyya ta yau, 'yan tsiraru a tsakiyar masu bautar gumaka. Bai ce musu su yi ƙaura ba. A sura 2 ya ce su kyautata halinsu a idon maƙwabtan nan, a sura 4 kuma ya gaya musu tun da wuri cewa tsofaffin abokan shaye-shayensu za su yi mamakin janyewarsu, har su zage su. Ashe sunan Fasto da aka laƙaba maka tsohon yayi ne, an yi wa waɗansu shekara kusan 2000 da suka wuce.

Yanzu mu zo kan ayar da na tabbata ita ce ta fi damunka, wadda ke kiran masu bi su fito su rabu. Tana cikin 2 Korantiyawa sura 6, daga aya 14 zuwa ƙarshe. Koranti babban birnin ciniki ne a ƙasar Girka, mai tashar jiragen ruwa biyu. Romawa sun rushe shi a shekara ta 146 kafin haihuwar Almasihu, Yuliyas Kaisar ya sake gina shi a shekara ta 44, ya cika da fatake da matuƙan jirgi da bayi da haikalin gumaka, da duk abin da ka san irin wannan gari yana tarawa. Bulus ya zauna a cikinsa shekara 1 da wata 6 yana sana'ar ɗinkin tanti, kamar yadda Ayyukan Manzanni sura 18 ta nuna. Ayoyin da ake karanta muku kuwa sun yi maganar haikalin Allah da gumaka, watau mai bi kada ya haɗa kai da abin da zai kai shi ga bauta wa wani abu daban. Amma shi wannan Bulus ɗin, a 1 Korantiyawa sura 5 aya 9 zuwa 11, ya gyara wata rashin fahimta irin taka. Ya taɓa rubuta musu kada su cuɗanya da fasikai, sai waɗansu suka ɗauka yana nufin mutanen gari. Ya ce a'a, in da haka yake nufi ai sai su fita daga duniyar gaba ɗaya. Wanda yake nufi shi ne mai kiran kansa ɗan'uwa cikin bangaskiya alhali yana zaune daram cikin fasikanci ko maye ko zamba. Na waje, in ji shi, hukuncinsu na Allah ne.

Ƙanena, ka sake karanta wasiƙarka da kanka. Ba ka kawo ƙarar mai gidan hayarku ba, ba ka kawo ƙarar mai shayin bakin layi ko maƙwabtanku masu fita sallar asuba ba. Ka ce biyu daga cikin abokan ɗakin naka tare kuke zuwa sujada. To in ka ɗauki akwatinka ka koma cikin 'yan'uwa, irin waɗanne 'yan'uwa za ka tarar? An gudu ba a tsira ba ke nan. Ina faɗin haka ne domin na sha jin ana karkatar da wannan aya ana ɗora ta a kan maƙwabta na wani addini, kamar su ne ƙazantar da aka ce a guje wa. Mu da muka ga abin da ya faru a Zariya cikin watan Maris na 1987, bayan rikicin da ya taso daga Kafanchan, muka kuma ga yadda Kaduna ta rabu gida biyu bayan rikicin shekarar 2000, kowa ya koma ɓangarensa na kogi, mun san akwai ƙaurar da tsoro ke sa wa, kuma ba ni ganin laifin wanda ya tsere da ransa. Amma kada a shafa wa wannan ƙaura man tsarki. Sunanta tsoro, a bar ta da sunanta.

Tun da dattijon ya ambaci Wusasa, bari in ɗan ba ka labarinta, domin matasa da yawa ba su sani ba. Likita Miller, watau Walter Miller na mishan ɗin CMS, yana cikin ayarin Bishop Tugwell da ya isa Kano a 1900 Sarki Alu ya sallame su. A 1905 ya zauna a cikin birnin Zariya, zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi, ya buɗe ɗakin magani da makaranta a cikin ganuwa. Sama da shekara 20 masu bi na farko na ƙasar Zazzau suna zaune a tsakiyar birni, suna cin kasuwa ɗaya da kowa. Sai a 1929 aka mayar da mishan ɗin Wusasa, yamma da birni wajen dutsen Kufena, inda aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa, ginin Hausa sosai. Dalilin tashin ba wai an gano cewa ƙasar birni ba ta da tsarki ba ne. Hukumar Turawa ta lokacin ba ta son mishan a cikin biranen sarakuna, ga kuma bukatar fili don asibiti da makaranta. Wusasa ta yi amfani ƙwarai, babu mai musu. Amma ka dubi waɗanda ta yaye. Dokta R.A.B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa tare da Musulmi. Farfesa Ishaya Audu ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Janar Yakubu Gowon, ɗan mai wa'azi, daga Wusasa ya shiga kwalejin da ake kira Barewa a yau, ya kwana ɗaki ɗaya da 'ya'yan Musulmi, ya zo ya riƙe ƙasar nan shekara 9. An rene su a keɓe, amma aikinsu a cikin jama'a suka yi shi. Shi kansa Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka buga cikakke a 1932, wanda Miller ya yi wa wahala, Hausar da ya koya a bakin mutanen gari ce ta shiga cikinsa. Kuma Wusasa ta yau 'yan Adam ne a ciki, waya tana kamawa a can kamar yadda take kamawa a Gyallesu.

To ga kashi na biyu da na yi maka alkawari. Kada ka ji duk wannan ka ce ai shi ke nan, a ci gaba da gashi. Bahaushe ya ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, Bulus ma ya faɗi makamancin haka a 1 Korantiyawa 15 aya 33. Ka dubi Lutu a Littafin Farawa. A sura 13 kusa da Saduma kawai ya kafa tantinsa, saboda ya ga dausayi mai kyau don dabbobinsa. A sura 14 mun same shi yana zaune a cikin garin. A sura 19 kuwa yana zaune a ƙofar gari, inda manya ke zama. Babu ranar da ya tashi ya ce yau zan zama ɗan Saduma, a hankali abin ya tafi da shi, ranar fita kuma sai da aka ja shi da hannu, ya bar matarsa a hanya. Yusufu kuma a gidan Fotifar shekaru ya yi yana aiki da aminci a gidan mai bautar gumaka, bai ce gidan ya ƙazantar da shi ba, amma ranar da uwargidan ta kama rigarsa bai tsaya yi mata wa'azi ba, ya bar mata rigar ya zura da gudu.

Wanda ya fi kama da kai shi ne Daniyel, domin shi ma ɗalibi ne a baƙon gari. An kai shi Babila, aka sa shi makarantar sarki ta shekara 3, ya koyi harshen Kaldiyawa da littattafansu bai ƙi ba. Aka canja masa suna, bai tayar da rigima ba. Amma da aka zo kan abincin sarki da ruwan inabinsa sai ya ce a nan na tsaya, ya kuma nemi alfarmar cikin ladabi, ya ce a gwada su da ganye da ruwa kwana 10 a gani. Ka ga ya san inda iyakarsa take tun kafin a ajiye masa akushi. Annabi Irmiya ma, a sura 29, wasiƙa ya aika wa waɗanda aka kwashe zuwa Babila cewa su gina gidaje, su yi lambu, su nemi zaman lafiyar birnin su yi masa addu'a.

Saboda haka tambayar da za ka yi wa kanka ita ce, a cikin ɗakin nan wa ke jan wani? Lokacin da nake koyarwa a firamare, kafin in zo gidan rediyo, nakan ɗauki yaro natsattse in zaunar da shi kusa da mai surutu don ya gyara shi. Wani lokaci dabarar takan ci. Wani lokaci kuwa kafin mako biyu sai in wayi gari da masu surutu biyu a benci ɗaya. Da na ga haka ba na jiran ƙarshen zango, ran nan nake raba su. Kai ne malamin kanka yanzu, sai ka sa ido. In ka ga abin da da yake ba ka ƙyama ya fara ba ka dariya, ko ka fara leƙa wayarsu kana tambayar nawa aka ci, ko ka fara cewa ai kurɓi ɗaya ba komai, ko barci ya fara cinye maka lokacin addu'a saboda hirar dare, to benci ya fara cin ka. A wannan hali ka tashi, ko da kuɗin masarar zai salwanta, ka kuma gaya wa mahaifinka gaskiyar dalili, na tabbata ya fi son ɗansa da buhunan masara. Ba sai ka tsallaka gari ba, ɗaki a layi na gaba ma ya isa. Haka nan in ka ga abin zai jawo maka kamun hukuma. Maganin tarin nan mai kodin gwamnatin tarayya ta hana yin sa da shigo da shi tun watan Mayu na 2018, ranar da aka zo kame kuwa ba a tambayar wane ne Fasto a ɗakin, duk wanda aka tarar a kan katifa da shi ake tafiya.

In kuwa ka auna ka ga ƙafarka tana nan daram, to zauna ka cinye kuɗin hayarka, amma da sharuɗɗa. Kuɗin sayen tambayoyi kada sisinka ya shiga, kuma in takardar ta zo kada ka kalle ta ko da kyauta ce, domin wannan shi ne mudun ƙarya na ɗalibi. Ka tara su da rana, lokacin da kowa ke cikin hankalinsa, ka ce ɗakin nan kashi ɗaya cikin huɗu naka ne, ba ka yarda a shigo da mata ko kwalabe ba, in za su yi su nemi wani wuri. Ka yi maganar ba da zagi ba, ba kuma da ayoyi goma a baki ba. Su biyun nan da kuke majami'a ɗaya, ka same su ɗaya bayan ɗaya a keɓe kafin ka kai maganarsu gaban kowa, haka Matiyu sura 18 ta tsara. Ka nemi aboki ɗaya ko biyu masu irin ra'ayinka waɗanda za ka riƙa karatu da su da yamma, domin kaɗaici ne ke fara kayar da mutum kafin jaraba ta ƙarasa shi. Ran da ɗayansu ya kwanta zazzaɓi kuma, kai ne za ka fara kai shi kemis, ka sayo masa koko.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne wanda ban ji ka ambata ba. Yesu ya koyar a Markus sura 7 cewa abin da ke ƙazantar da mutum daga zuciyarsa yake fitowa, ya kuma lissafa girmankai a jeri ɗaya da zina da sata. Mai ƙin shan kwalba yana iya buguwa da ganin kansa ya fi kowa, irin wannan maye kuwa ba ya wari balle a gane. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kafin ka kwanta yau ka duba abin da ke cikin taka wayar, wanda babu abokin ɗakin da ya sa maka shi.

Ka sake rubuto mana bayan jarrabawa mu ji yadda kuka ƙare da su. Mai sauraronmu ta Tudun Wada da ta yi tambaya a kan ushirin mai sana'ar da ba ta da albashi, wasiƙarki ta iso, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.